Agogon Kawu Soja da Asalin Sunan Toko

'Ya'yana da jikokina, akwai abu biyu da kuka daɗe kuna faɗa ba daidai ba, kuma tunda Allah ya bar ni da sauran haƙora da sauran hankali, gara in gyara muku kafin ɗaya daga ciki ya ƙare. Na farko shi ne sunan ƙanena, Alhaji Toko. Na ji wani jikana yana rantsuwa wai sunan wani Bafillace ne abokin Baba, wata kuma ta ce sunan bijimi ne. Na biyu shi ne maganar Kawu Soja, yayan mahaifiyata, da kuke cewa korarsa aka yi daga aikin En'e, wato hukumar gargajiya, a Tambuwal saboda yawan barci. Duka biyun ƙarya ne, kuma igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ni na san gaskiyar, domin a bayana aka goya ta.

A shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, ina 'yar budurwa a gidanmu na Kebbe, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni ce fitinar unguwa. Idan aka ji ihu ba a tambayar me ya faru, sai a ce ina Luba. Na taɓa ɗaure wutsiyar jakuna biyu wuri ɗaya don in ga wanda zai ja wani. Na taɓa saka kwaɗo a tulun Iya, kakata ta wajen uba, ta sha ruwan har ta yaba sanyinsa kafin ya leƙo ya gaishe ta. Abin da na fi gwaninta a kai shi ne kwaikwayo. Ina yin kukan zabo har zabi su amsa, ina yin tarin liman har mata su gyara lulluɓi.

Innata kuwa shiru-shiru ce, sai dai in ta kama taɓarya. Ita da Goggo Hassi, matar ƙanen Baba, turmi ɗaya suke daka, kuma lugudensu sananne ne. Wannan ta buga, waccan ta buga, a jefa taɓarya sama a tafa a cafe, ba mai shiga ƙafar wata. Masu dawowa daga rafi tun daga nesa suke gane dakan gidanmu. Da tsohon ciki ma Inna ba ta bar turmi ba. Ta yi daka da safe, da yamma ta haifi namiji, kuma kafin ranar suna Allah ya karɓi abarsa. Aka raɗa wa yaro Umaru a gidan da ake zaman makoki, aka miƙa shi ga Goggo Hassi domin tana shayar da 'yarta, aka miƙa mini zanen goyo.

Yaron nan ya yi kuka. Na ce muku ya yi kuka. Kajin gidanmu suka daina ƙwai, karen maƙwabta ya yi ƙaura zuwa wata unguwa, ladan ya riƙa jiran ya ja numfashi kafin ya samu wurin saka kiran salla. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kawo saiwa daga Fakku, an gwada madarar saniya a ludayi. In Goggo ta ba shi nono sai ya kama ya saki, ya sandare ya ci gaba. Barci kuwa sai dai ya ɗan lumshe ido ya zabura kamar an tsunkule shi. Da farko ina yi wa mutane wasa da abin, ina kwaikwayon kukan har a rasa wane ne na gaske. Daga baya na daina, domin kukan ya fara raguwa, kuma raguwar ta fi ƙarar ban tsoro. Goyon da nake ji a bayana kullum sai ƙara sauƙi yake yi, har nakan kai hannu in taɓa don in tabbata yana nan.

Da aka gama yankan gero, Baba ya ce a tafi Tambuwal, inda akwai ɗakin magani. Muka kama hanya da jakuna: Baba, Iya, Goggo Hassi da 'yarta, da ni da goyona. Malamin magani mutumin kirki ne. Ya duba yaron sama da ƙasa, ya ce bai ga wani ciwo ba, gajiya ce da yunwa. Ya ce in ya samu barci zai sha nono, in kuwa bai samu ba... sai ya kalli Baba bai ƙarasa ba. Muka sauka gidan Kawu Mamman, wanda kowa ke kira Kawu Soja.

Kafin ya tafi yaƙi, Kawu shi ne abokin ɓarnata. Shi ya koya mini kukan zabo. Amma wanda ya dawo wani mutum ne daban, dogo, ramamme, ba ya dariya, kuma in aka yar da kwano sai ka ga ya duƙa. An ba shi aikin masinja a ofishin hakimi, yana da kaki mai guga da keke mai sheƙi, mutane suna gaishe shi da girma. Yana kuma da ɗaki ɗaya da ba mai shiga sai shi da matarsa Ige, saboda a ciki akwai agogo. Wani Bature da ya yi wa hidima a fagen yaƙi ne ya ba shi. A Kebbe mun sha labarin agogon nan: wasu sun ce tsuntsu ne a ciki, wasu sun ce aljani ne da Nasara suka kama suka koya masa lissafi. To ku faɗa mini, yarinya irina, a kawo ta har ƙofar ɗakin aljani a ce kada ta shiga?

Washegari bayan azahar, Kawu yana ofis, Baba yana masallaci, Iya ta ɓingire a inuwa, su Goggo suna madafa. Ina zagaya tsakar gida da Umaru a baya, yana wannan siririn kukan nasa kamar ɗan kyanwa. Na zagaya, na zagaya, ban san yadda aka yi ba sai ƙafata ta zagaya da ni cikin ɗakin Kawu. Ga shi nan a kan akwatin ƙarfe, kewayayye kamar faifai ƙarami, da ƙafafu gajeru, da ƙararrawa biyu a ka kamar kunnuwan ɓera. Na durƙusa na kai kunne don in ji ko tsuntsun zai yi magana. Yana ta bugawa a hankali, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ba gaggawa ba tsayawa. Na daɗe ina saurare kafin na lura da abin da ya sa nake jinsa sarai haka. Bayana ya yi shiru.

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na ce shi ke nan, ya tafi, kuma a bayana ya tafi, a ɗakin da aka hana ni shiga. Na kasa juyawa. Da ƙyar na kai hannu baya na dafa shi, sai na ji cikinsa yana hawa yana sauka, ɗumin numfashinsa yana taɓa wuyana. Barci yake. Na ƙame a durƙushe kamar an dasa ni. Ƙuda ya sauka a hancina ya yi alwala ya yi salla ya tashi, ban kore shi ba. Ƙafafuna suka mutu, suka farfaɗo, suka sake mutuwa. A haka Kawu ya ɗaga labule ya same ni.

"Luba! Mi kika yi nan? Wa ya ba ki..."

Na ɗora yatsa a baki. Ni, Luba, na ce wa soja ya yi shiru. Na nuna masa bayana da haɓa. Ya tsaya yana kallon yaron, ya kalli agogo, ya sake kallon yaron. Sai ya tuɓe takalmansa a hankali, ya fita da sanɗa, ya kira mutanen gida da hannu. Suka cika bakin ƙofa ba mai tari. Umaru bai farka ba sai bayan la'asar. Da ya farka ya yi kuka mai ƙarfi irin na mai jin yunwa, Goggo Hassi ta zauna nan gefen akwatin ta ba shi nono.

"Ya kama," in ji ta. "Iya, ya kama, bai saki ba. Wayyo, wanga yaro cizo garai!"

Da yamma aka fito da agogon tsakar gida aka ɗora shi a kan turmi da aka kife, aka kwantar da Umaru kusa da shi, muka kewaye su kamar masu jin ɗumi. Iya ta miƙa wuya tana saurare daga nesa, don har lokacin ba ta yarda da shi ba.

"Mamman, wai mi abin ga ka cewa? Ni dai kas-kas nika ji."

"Ƙat-ƙat dai," in ji Baba.

"Ni sunana nika ji," na ce. "Lu-ba, Lu-ba. Ya san wadda ta gano shi."

"Ke rufe muna baki, uwar ɓarna," in ji Iya. "Da sunanki shika kira da tuni ya hwashe."

Kawu ya ɗan yi murmushi, wanda shi ne na farko da na gani a fuskarsa tun dawowarsa. Ya ce su Turawa suna da sunan da suke kiran wannan ƙarar, tik-tok. Iya ta ce a maimaita mata. Ya maimaita. Ta ce to me ake nufi da shi, addu'a ce ko zagi? Kawu ya ce shi ma ya tambayi Baturen, wata rana suna zaune cikin rami ruwa na dukansu. Baturen ya ce ba ta nufin komai sai ƙarar kanta. Sun saurari abin ne, suka kira shi da abin da yake faɗi. Ya ce tun kafin agogo ya yawaita a ƙasarsu, kakanninsu suna cewa tik ga duk wani ɗan bugu marar ƙarfi, kamar ka ƙwanƙwasa farce a kan ƙwarya. Da agogo ya zo, kunne ya ji kamar bugu biyu ne, ɗaya siriri ɗaya mai kauri, sai aka ba siririn tik, aka ba mai kaurin tok.

"Shi ke nan?" in ji Iya. "Duk karatun Nasara, da jirgin sama da bindiga, sai dai su kwaikwayi abu awa Luba?"

"To Iya, mu wa ya raɗa wa agwagwa suna?" in ji Kawu. "Da hankaka? Ba su sunka hwaɗi sunansu da bakinsu ba?"

Iya ta taɓe baki, don an kama ta, kuma ba ta saba ba. Kawu ya ƙara da cewa Baturen ya gaya masa kalmar ta yara ce. Manya ba su cika faɗinta a tsakaninsu ba. Uwaye ne ke ɗora wa jariri agogo a kunne suna ce masa tik-tok, tik-tok, har ya yi dariya. Ya ce da Baturen ya faɗi haka sai ya kau da kai, don ya bar ɗa ƙarami a gida.

Sai Iya ta matso, karon farko, ta kai kunnenta dab da agogon. Ta daɗe. Da ta ɗago, ba Kawu ta kalla ba, Goggo Hassi ta kalla.

"Hassi, saurara da kyau. Wanga ba lugude ba ne? Wagga ta buga, waccan ta buga."

Goggo ta saurara, sai ta rufe fuska da gefen zane.

"Duk zaman da yay yi cikin uwatai," in ji Iya, "abu na bugawa bisa kainai, ga zuciya ga taɓarya. Rana ɗaya anka ɗauke mai duka. Ba ciwo garai ba. Shirun ne ba shi so."

Daga nan aka shiga maganar da kowa ke gudu. Goggo Hassi ba za ta iya zama Tambuwal ba, ta bar miji da yara da dawa a gona. Nono yana Kebbe, agogo yana Tambuwal, yaro kuma yana bukatar duka biyun. Baba mutum ne mai kunyar roƙo, balle ga surukinsa, sai ya duƙar da kai yana jan carbi. Iya ce ta buɗe baki ta ce a ba su aron agogon har yaro ya yi ƙwari. Murmushin Kawu ya ɗauke kamar an hure fitila.

"Iya, ku ɗauki keken. Ku ɗauki akwatin da abin da ke ciki. Wanga dai ku bar min shi."

"Keke za ya sha, ko akwati?"

Kawu ya miƙe. Ya ɗauki agogonsa ya shige ɗaki. Na ji haushinsa har na yi niyyar saka masa kwaɗo a takalmi. Da safe ina taya Ige wanke-wanke ina zuba mita, sai ta kama hannuna ta ce in rage murya. Ta ce tun da ya dawo, in wuri ya yi tsit ba ya iya rufe ido. A can inda suka yi yaƙi, in daji ya yi shiru to mutuwa ce ke tahowa. Ranar da ya manta bai murɗa agogon ba ya tsaya, sai da maza suka danne shi, yana ihu da wani yare yana neman bindiga. Ta ce ba rowa ba ce, shi ma da shi yake rayuwa.

To sai na ce ai ba a banza Allah ya ba ni baki ba. Wadda ta yi zabo ta yi liman, agogo zai gagare ta? Na zauna bayan ɗakin Kawu na koyi bugun da harshe har Ige ta leƙo ta ga ko an fito da shi. Muka kama hanyar Kebbe da hantsi, ina tafe ina tik-tok, tik-tok, Umaru ya yi luf a bayana. Na ce wa Iya ta gani, an huta da roƙon soja. Amma agogo ba ya haɗiyar yawu, ba ya tuntuɓe, ba ya jin ƙishi. Kafin rana ta take, harshena ya kumbura ya yi kamar na saniya, muƙamuƙina ya riƙe. Da na tsaya in ja numfashi sai yaro ya zabura. Na koma buga ludayi a ƙwarya, Goggo ta karɓa, Baba ma da girmansa ya karɓa yana ƙwanƙwasa sanda a sirdin jaki. Ba wanda ya iya riƙe bugun daidai, kuma yaron nan ba a yi masa wayo. Da muka sauka a gindin wata tsamiya ya koma wannan kukan na ɗan kyanwa, ya ƙi nono, Iya ta juya mana baya tana kallon daji.

Ni na fara hango keken. Yana tahowa cikin yashi yana tangaɗi, mai shi ya jiƙe sharkaf da gumi, da wani ƙunshi na bargon soja ɗaure a ƙirjinsa kamar goyon gaba. Kawu ya jingine keken, bai gaida kowa ba, ya kwance bargon ya ajiye agogon kusa da kan Umaru. Muka yi tsit. Kukan ya ragu, ya koma shessheƙa, ya ɗauke.

"Na shiga ɗaki in ɗauki hulata," in ji Kawu, yana kallon ƙasa, "sai na ji shi shina bugawa shi kaɗai. Na ce, ɗan ƙanwata na bisa hanya, ni ƙato ina nan ina gadin ƙarfe."

"Kai fa?" in ji Baba a hankali. Ashe shi ma ya sani.

"Ni na ga abin da ya fi rashin kwana, Malam. Luba, zo nan."

Ya nuna mini makullin baya, ya ce kullum da safe in murɗa shi har in ji ya yi tauri, kada in wuce nan. Ya nuna mini wani ƙaramin makulli a gefe.

"Wanga kuwa kak ki taɓa shi. Kin ji ko?"

"Na ji, Kawu."

"Na san ba ki ji ba. In kin taɓa, ki tabbata yaron na nesa."

Ya san ni. Na bari sai da muka kwana biyu a gida, na kai agogon bayan gari inda Baffa, mijin Goggo Hassi, ke ɗaure shanu, na murɗa ƙaramin makullin. Abin da ƙararrawar nan ta yi wa garken, har yau akwai saniyar da ba a gani ba. To, an gan ta, amma ta daɗe ba ta yarda da mutane ba.

Umaru ya fara cika. Kumatu suka fito, wuya ya yi gammo, goyo ya fara yi mini nauyi har ina ƙorafi, Iya tana cewa in ƙara ƙorafin don daɗinsa take ji. Yaran unguwa suna zuwa kallon jaririn da ke kwana da agogo, suna tambaya me abin yake cewa, ni kuma ina koya musu Turanci kyauta. Bakin Kebbe bai iya tik-tok ba, sai ya zama Tikitoko. Ina Tikitoko, ya Tikitoko ya kwana? Da tafiya ta yi tafiya aka gajarta, ya zama Toko. Wannan shi ne asalin sunan. Ba Bafillace, ba bijimi. Kalmar da matan Turawa ke yi wa jariransu wasa da ita ce ta bi soja ta ƙetare teku, ta hau keke, ta zo ta zauna a kan ƙanena har ya je Makka da ita.

Ba a yi mako da dawowarmu ba sai ga Kawu a Kebbe, idanu jajaye kamar gauta, ya ƙara ramewa. Ya ce wai ya zo ne ya ga ko ina murɗa agogon daidai. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Iya inda Toko ke kwance, ya jingina da bango, ana kawo masa ruwa kafin a miƙa masa ya yi barci a zaune, baki buɗe. Ba wanda ya tashe shi. Ya koma Tambuwal, ya sake dawowa, ya sake komawa. Tafiyar ba kusa ba ce, kuma masinja ba ya ɓacewa daga ofis a rasa lura. Aka ja masa kunne, da gaskiyarsu. Iya ta ce tunda yaro ya yi ƙwari a gwada mayar wa Kawu da kayansa. Aka gwada raba su yini ɗaya, Toko ya tayar da unguwa, ya ƙi nono. Kawu da kansa ya mayar da agogon gefen kan yaron.

"Ba a ɗauke mai abu sau biyu," ya ce.

Ya koma Tambuwal ya ninke kakinsa ya miƙa, ya yi sallama da kowa cikin mutunci, ya ɗauko Ige da akwatin ƙarfe suka dawo Kebbe. Ba wanda ya kore shi. Ya bar aikin da ake gaishe shi da girma, ya karɓi ɗaki kusa da zaure da 'yar gona da Baba ya yanka masa. Kuma in faɗa muku gaskiya, Allah bai yi manomi marar sa'a irin Kawu ba. Kunyar gonarsa a karkace, gerensa in ya tsaya kusa da na Baba kamar jika da kaka. Mutanen da suka saba ganinsa a kan keke suka gan shi da fartanya, suka gan shi yana barci da rana a zaure, sai suka haɗa labarin da kuka gada. Ige ta yi mitar barin Tambuwal har ƙarshen ranta, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaure kayanta ba. Tsarin da aka yi shi ne agogo ya kwana a ɗakin Iya, Kawu ya shimfiɗa tabarma a jikin bangon ta waje. Da rana kuwa in ya dawo gona sai in kai masa su biyun zaure, yaro da agogo, in samu in je in yi ɓarnata.

Da damina ta kankama, wata rana bayan azahar na tuna ban kai musu agogon ba, yaron kaɗai na miƙa na gudu. Kuma rabona da murɗa shi, na kasa tunawa, don kwanakin nan hankalina yana wajen kamun fara. Na shiga ɗakin Iya da gudu na ɗauko shi. Shiru. Na murɗa, makullin ya juya sakaka ba tauri. Na girgiza shi, na hura masa iska, na yi masa tik-tok ko zai tuna. Ko motsi. Na ce yau za a yi biyu, yaro zai koma gidan jiya, soja zai nemi bindiga. Na kwasa zuwa zaure da agogon a hannu, sai Iya ta tare ni a bakin ƙofa da sandarta.

"Ina za ki da wanga gudu, uwar ɓarna?"

"Iya, ya mutu! Agogon ya mutu!"

"Yau kika sani? Tun shekaranjiya yat tsaya. Na gani, na yi shiru in ga abin da Allah za ya yi. Leƙa, amma kak ki yi ko tari."

Na leƙa. Kawu yana kwance rigingine a kan tabarma, ƙafafunsa duk laka, yayyafi yana sauka a bakin zaure. Toko yana kife a ƙirjinsa, kunnensa daidai kan zuciyar Kawu, yawu ya jiƙa masa riga. Hannun Kawu ɗaya yana kan bayan yaron, yana hawa yana sauka da numfashinsa. Su duka biyun sun yi nisa.

"Wancan na jin bugu, wancan na jin numfashi," in ji Iya a kunnena. "Kowa ya samu nashi. Mai da ƙarfen ɗaki."

Ba a sake gyara agogon ba, kuma ba wanda ya sake nemansa. Kawu ya rayu har ya ga auren Toko, kuma a ɗakin Toko ya cika, kansa a kan cinyarsa. Agogon shi ne wanda kuke gani a falon Alhaji, a saman kabad, wanda kullum ɗayanku sai ya ce a ba shi ya kai wa mai gyara. Ku bar shi yadda yake, ya gama aikinsa. In kun gaida Alhaji Toko, ku san sunan wa kuke kira da abin da aka bayar kafin sunan ya zauna. In kuma kun ji wani ya ce an kori Kawu Soja saboda barci, ku ce masa Luba ta ce ba haka ba ne: barcinsa ya ɗauka ya ba ɗan ƙanwarsa, Allah kuma ya mayar masa da shi ta hannun yaron. Allah ya jiƙan Kawu, ya jiƙan Inna da Iya da Goggo Hassi, ya sa suna inda babu tsoron shiru.